Dalilin Da Ya Sa Hoton Baƙi-Da-Fari Yake Sauya Launi

Gabatarwa

A ɗauka wani mai sana'ar hoto ne aka kawo wa tsohon hoton wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya, aka roƙe shi ya sabunta shi. Ya zauna da dare ya shigar da hoton cikin kwamfuta, ya gyara wuraren da suka ƙoƙe, sa'an nan ya buga shi da firinta mai fesa tawada. Da ya duba a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shagonsa, sai ya ga aiki ya yi kyau: rawani fari sol, inuwa baƙa wuluk, fuska kuma toka-toka kamar yadda ake so. Wayewar gari mai hoto ya zo, ya fita da shi bakin ƙofa domin ya gani da kyau a hasken rana, sai ga fuskar dattijo ta yi kore-kore. Babu wanda ya taɓa takardar cikin dare, kuma tawadar da ke kanta ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. To, daga ina koren ya fito?

Wannan matsala ta daɗe tana ci wa masu buga hoto tuwo a ƙwarya, musamman a Amurka da Turai da Japan a farkon shekarun 2000, lokacin da suka fara barin ɗakin wankin hoto suna komawa ga kwamfuta. Amsarta kuwa ba a cikin na'ura kaɗai take ba. Launin da mutum yake gani a kan takarda yarjejeniya ce tsakanin abubuwa uku: hasken da ya sauka a kanta, tawadar da ta karɓi hasken, da kuma idon da yake kallo. Da zarar ɗaya ya sauya, yarjejeniyar tana iya warwarewa. Domin a fahimci wannan, wajibi ne a bi abubuwan nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cikin farin haske

A shekarar 1666 masanin nan na ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya bar wani siririn hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya warwatsu ya zama launukan bakan gizo. Wannan ya tabbatar da cewa farin haske gauraye ne na launuka masu yawa. Daga baya aka gano cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma abin da ya bambanta wani launi da wani shi ne tsawon zangon igiyar. Mai sauraren rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, waɗanda ake aunawa da mita. Zangon haske ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa ake auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon mutum yana ganin abin da ya kama daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Shunayya da shuɗi suna ta wajen gajeren zango, kore da rawaya suna tsakiya, ja kuma yana can wajen dogon zango.

Idan haske ya faɗa kan wani abu, abin yakan shanye wani sashe ya mayar da saura. Ganyen bishiya yana shanye ja da shuɗi domin haɗa abincinsa, ya mayar da kore, shi ya sa ake ganinsa kore. Abu fari yana mayar da kusan dukkan zangunan, baƙi kuma yana shanye kusan dukkansu. Toka-toka na gaskiya shi ne wanda yake mayar da kaso daidai wa daida daga kowane zango, ba ya fifita ja a kan kore, ko kore a kan shuɗi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ma'ana, domin a kanta sauran bayanin ya dogara.

Ido da masu aunawa uku

A can ƙuryar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda yake ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. Na farko masu siffar tsinke ne, yawansu ya kai miliyan 90 zuwa 120. Su ne masu aiki cikin duhu-duhu, kuma ba su bambance launi. Wannan ne dalilin da ya sa a farin wata ba a iya rarrabe jan zane da kore. Na biyu masu siffar mazurari ne, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ne kuma masu ganin launi idan haske ya wadata.

Ƙwayoyin mazurarin nan kashi uku ne. Wasu sun fi jin haske mai zango kusa da nanomita 420, wasu kusa da 530, wasu kuma kusa da 560. Tun a shekarar 1802 Thomas Young ya yi hasashen cewa masu karɓar launi a ido iri uku ne, Hermann von Helmholtz na Jamus ya faɗaɗa wannan ra'ayi a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a shekarar 1986 Jeremy Nathans da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadaran da ke cikinsu.

Abin lura a nan shi ne, kowace ƙwayar mazurari ba ta san takamaiman zangon da ya taɓa ta ba. Jimla kawai take tarawa, ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa ta sami haske kaza. Saboda haka duk ɗimbin bayanin da ke cikin haske yana taƙaituwa ne ya koma saƙo uku kacal. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A fagen launi maganar ta zauna daram: ido yana ƙiyasta jimla, ba ya ƙirga abin da ya haɗu ya ba da ita.

Sakamakon haka shi ne, abubuwa biyu da suka sha bamban wajen yadda suke mayar da haske suna iya aika saƙo uku iri ɗaya, ƙwaƙwalwa ta ɗauke su launi guda. Masana suna kiran wannan hali metamerizim. Ba aibi ba ne a karan kansa, domin da babu shi da babu talabijin mai launi, wanda da ja da kore da shuɗi kawai yake nuna dubban launuka. James Clerk Maxwell ya nuna wannan dabara a Landan a shekarar 1861, lokacin da ya haɗa hotuna uku na wani ƙyalle mai ratsi-ratsi suka ba da hoto guda mai launi.

Misalin kasuwa zai ƙara fito da batun fili. Ga 'yan kasuwa biyu, na farko yana da mudu 5 na gero da mudu 5 na dawa, na biyu yana da mudu 2 na gero da mudu 8 na dawa. Muddin kuɗin gero da na dawa ɗaya ne, jarinsu daidai yake, wanda ya dubi jimlar kuɗi kaɗai ba zai ga bambanci ba. Ranar da dawa ta yi tsada, na biyu zai fi na farko. Ranar da gero ya yi tsada, na farko ne zai fi. A sha'anin launi, fitila ita ce mai yanke farashi. Ita ce take ƙayyade yawan kowane zango da zai sauka kan takarda.

Yadda firinta take haɗa toka-toka

Hoton baƙi-da-fari na gargajiya, wanda ake wankewa a ɗaki mai duhu, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne suke ba shi duhunsa. Azurfar nan tana shanye zangunan haske kusan bai ɗaya, don haka hoton ba ya nuna wani sauyi na a zo a gani daga wannan fitila zuwa waccan.

Firinta mai fesa tawada kuwa wata hanya ta bi. Kamfanin Hewlett-Packard ya fito da samfurinsa mai suna ThinkJet a shekarar 1984, Canon ya biyo baya a 1985. A cikin irin waɗannan, wani ɗan ƙarfe ne yake zafafa tawadar zuwa kimanin digiri 300 cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sai kumfar tururi ta tunkuɗo ɗigo waje. Kamfanin Epson ya zaɓi wani sinadari mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, ya matso ɗigon ba tare da zafi ba, kuma a 1994 ya fito da Stylus Color mai jera ɗigo 720 a inci guda. Ɗigon firintocin hoto na baya-bayan nan bai wuce 'yan fikolita ba, fikolita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na lita.

Firinta ba ta iya tsarma tawada a lokacin da take bugu. Abu biyu kawai ta sani: ta sa ɗigo ko ta bar wurin fari. Idan da baƙar tawada kaɗai za ta yi toka-toka mai haske, kamar na goshin mutum ko na sararin sama, dole ta warwatsa baƙaƙen ɗige-ɗige nesa da juna, sai ido ya gan su kamar an watsa yashi a fuska. Domin guje wa wannan, masu ƙera na'urorin suka sa ta haɗa toka-toka daga tawadu uku masu launi. Akwai sayan, wato shuɗi mai ratsin kore, mai shanye ja. Akwai majenta, wato ja mai ratsin shunayya, mai shanye kore. Akwai kuma rawaya, mai shanye shuɗi. Idan aka jera ɗigoginsu da ma'aunin da ya dace, ƙwayoyin mazurari uku za su sami saƙo daidai, ƙwaƙwalwa ta ce toka-toka ne.

Sai dai wannan toka-toka na aro ne. Idan aka auna shi da na'urar da ke bin haske zango-zango, za a tarar yana da tudu da kwari: a wani zango yana mayar da haske da yawa, a wani kuma kaɗan. Shi ne ɗan kasuwa na biyu, mai mudu 2 da mudu 8. Daidaitonsa ya tsaya ne a kan irin hasken da aka yi lissafi da shi.

Fitilu ba ɗaya suke ba

Hasken rana da tsaka yana ɗauke da dukkan zanguna gwargwado, da shuɗi wadatacce. Ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda zafin zarensa ya kai kimanin Kelbin 2,700, ja da rawaya ne suka yi masa yawa, shuɗinsa kaɗan ne. Doguwar fitilar nan ta fuloresan da aka saba gani a azuzuwa da ofisoshi tana da tururin sinadarin makuri a ciki, wanda yake fitar da haske mai ƙarfi a wasu 'yan tsirarun zanguna, kamar nanomita 436 da 546. Farar fitilar LED kuma asalinta shuɗiya ce mai zango kusa da 450, aka shafa mata wani sinadari mai juya sashen shuɗin ya koma rawaya. Masanan nan uku 'yan asalin Japan da suka samar da shuɗiyar LED, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami lambar Nobel a 2014.

Mai karatu yana iya tambaya: in haka ne, me ya sa farar takarda take zama fara a ƙarƙashin kowace fitila? Dalili shi ne ido da ƙwaƙwalwa suna da baiwar daidaita kansu. Idan ja ya yi yawa a hasken ɗaki, ƙwayoyin da ke jin dogon zango sukan rage kaifinsu har abin da ya fi komai haske a wurin ya koma fari. Toka-toka na gaskiya yana cin moriyar wannan gyara, domin duk yadda haske ya karkata, tare suke karkata da farar takardar. Na aro kuwa karkatarsa dabam ce. Idan hasken ya yi ƙarfi a inda yake da tudu, wannan launi zai rinjaya. Idan ya yi ƙarfi a inda yake da kwari, launin zai yi ƙaranci. Bayan ƙwaƙwalwa ta gama gyaranta, sai ragowar bambancin ya bayyana a matsayin kore-kore ko jaja-jaja.

A hoto mai launi irin wannan ɗan sauyi yakan ɓace cikin jan hula da shuɗin riga. A hoton baƙi-da-fari babu inda zai ɓuya, ga farin gefen takarda kuma yana tsaye a matsayin shaida. Matan da ke fitar da atamfa da ɗankwali daga cikin shago zuwa rana kafin su biya kuɗi, domin su tabbatar launukan sun dace, wannan matsala ce suke gudu, ko da ba su san sunanta ba.

Tawadar rini da tawadar gari

Tawadar firinta iri biyu ce. Ta farko ta rini ce, wadda sinadarinta yake narkewa sarai cikin ruwa kamar sukari a shayi. Launinta yana da armashi, amma haske da iska suna saurin cin ta. Ta biyu ta gari ce, wadda ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙarfi suke yawo cikin ruwa ba tare da sun narke ba, kamar ƙullu a ruwan koko. Ita ta fi daɗewa.

A shekarar 2000 Epson ya fito da Stylus Photo 2000P mai amfani da tawadar gari, domin biyan bukatar masu son hoto mai ƙarko. Ƙarko ya samu, amma na'urar ta yi ƙaurin suna wajen sauyin launi: hoton baƙi-da-fari da ya yi daidai a ƙarƙashin ƙwan lantarki yakan yi kore a hasken rana. Magani ya zo ta hanyar komawa ga sinadari mafi tsufa a tarihin rubutu, wato kabon, wanda shi ne asalin gawayi da kunkunniya. Kabon yana shanye haske a dukkan zanguna ba tare da tudu da kwari ba, kuma rana ba ta cin sa. Rubuce-rubucen da mutanen Masar suka yi da kunkunniya da ƙaro fiye da shekara 4,000 da suka wuce suna nan baƙi har yau, tawadar allo ta gawayi da ƙaro ma daga wannan dangi take.

Wani mai buga hotuna a jihar Vermont ta Amurka, Jon Cone, ya fito da tsarin da ya kira Piezography a shekarar 2000, inda aka cire tawadu masu launi daga firinta aka maye gurbinsu da baƙi da toka-toka masu duhu daban-daban. Da wannan dabara wurare masu haske suna samun ɗigogi masu yawa na tawada marar duhu, ba sa bukatar aron launi. Manyan kamfanoni ma suka bi sahu. A 2002 Epson ya ƙara toka-toka guda cikin tawadun Stylus Photo 2200, a 2005 kuma ya fito da R2400 mai baƙi hawa uku. Canon da Hewlett-Packard su ma sun sa tawadu masu launin toka a manyan firintocinsu na hoto.

Duk da haka kabon yana da tasa ɗabi'ar. Idan aka tsarma shi, yakan karkata zuwa ruwan ƙasa kaɗan, domin yana shanye shuɗi fiye da ja, sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu masu hoto suna son wannan ɗumi, wasu kuma sukan ƙara ɗan sayan da majenta domin su sanyaya shi. Gwargwadon yawan launin da aka ƙara, gwargwadon yadda tsohuwar matsalar za ta sake leƙowa.

Sauyin da ke zuwa da lokaci

Sauyin da aka bayyana a sama na nan take ne, kuma yana komawa idan aka mayar da hoton ƙarƙashin fitilar farko. Akwai wani wanda ba ya komawa. Tawadu uku da suka haɗu suka ba da toka-toka ba sa ƙoƙewa tare. Wadda ta riga dusashewa takan bar sauran biyu su rinjaya: idan majenta ta tafi hoto ya yi kore, idan sayan ta tafi ya yi ja ko ruwan goro, idan rawaya ta tafi ya yi shuɗi. A shekarar 2000 masu amfani da Stylus Photo 1270 sun ga hotunansu a kan wata takarda mai sheƙi suna komawa ruwan goro cikin ɗan lokaci, aka gano iskar ozon da sauran gurɓatattun iskoki ne suke lalata rinin sayan, domin fuskar takardar tana da ƙananan ramuka da iska ke shiga.

Takarda ma tana da nata hannu. Yawancin takardu masu fari ƙal an sa musu wani sinadari mai shanye hasken altarabayolet, wanda ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, irin wanda ake sawa a garin sabulun wanki domin farar riga ta ƙara haske. A rana, inda altarabayolet yake da yawa, takardar takan yi fari mai sanyi. A ƙarƙashin fitilar da ba ta da shi, takan koma fari mai ratsin rawaya. Bayan shekaru sinadarin yakan mutu, farin ya dusashe.

Akwai kuma ƙyallin tagulla da ake gani idan aka karkata hoto mai sheƙi. Ƙwayoyin tawadar gari ba sa nutsewa cikin irin wannan takarda, a samanta suke kwanciya, sai fuskarsu ta riƙa mayar da wani launi dabam kamar madubi. Duk wanda ya taɓa ganin rawanin ɗan Kura, wanda aka buga wa shuni har ya riƙa walƙiya da ja-ja kamar tagulla alhali rininsa shuɗi ne, ya ga irin wannan hali. Wasu firintoci suna fesa wani ruwa marar launi a kan hoton domin rage shi.

Idanu ma sun bambanta

Mutum biyu suna iya tsayawa gaban hoto guda a ƙarƙashin fitila guda, ɗaya ya ce akwai kore, ɗaya ya ce babu, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. Madubin da ke cikin ido yana yin rawaya-rawaya yayin da mutum yake manyanta, ya rage shuɗin da ke isa tantanin gani. Sinadaran ƙwayoyin mazurari ma suna ɗan bambanta ta hanyar gado. A tsakanin Turawan arewacin Turai, kusan namiji 1 cikin 12 yana da rauni wajen bambance ja da kore, a mata kuma kusan 1 cikin 200. Adadin ya fi haka ƙanƙanta a tsakanin 'yan Afirka. John Dalton, masanin kimiyyar sinadarai, ya bayyana wannan rauni a kansa a 1794. Toka-toka na aro an lissafa shi ne domin matsakaicin idon ɗan Adam. Tsuntsu, wanda yake da ƙwayoyin mazurari iri huɗu, ba lallai ne wannan lissafi ya ruɗe shi ba.

Saboda waɗannan dalilai ne maɗaba'u suka amince da haske guda na duba aiki, mai kama da hasken rana na Kelbin 5,000, wanda ake kira D50. Mai ƙaramin shago da ba shi da irin wannan fitila zai rage asara idan ya bar hoto ya bushe na yini guda kafin ya yanke hukunci, ya duba shi a irin hasken da za a rataye shi, ya zaɓi tsarin bugu mai dogaro da baƙi da toka-toka, sa'an nan ya sa shi a bayan gilashi nesa da rana.

Gwaje-gwaje domin aji

Malami yana iya nuna waɗannan abubuwa da kayan da ba su da tsada. Da farko a yanko takardar tacewa ta ɗakin gwaji, a ɗiga baƙar tawadar alƙalamin zane mai narkewa a ruwa kusa da ƙasanta, a gefe kuma a ɗiga tawadar allo. A tsoma bakin takardar cikin ruwa kaɗan ba tare da ruwan ya taɓa ɗigogin ba. Yayin da ruwa yake hawa, baƙin alƙalami mai rini yakan rabu zuwa launuka kamar shuɗi da ja da rawaya, na gawayi kuwa ba zai ba da wani launi ba. Da irin wannan dabara ce masanin tsirrai na Rasha, Mikhail Tswett, ya rarrabe launukan ganye a farkon ƙarni na 20, kuma shi ya raɗa mata suna kuromatogirafi a 1906.

Na biyu, ɗalibai su haɗa fentin ruwa shuɗi da ja da rawaya har ya yi daidai da tokar da aka shafa da gawayi, suna aikin a hasken rana. Bayan ya bushe, a duba su biyun a ƙarƙashin ƙwai mai zare, da fuloresan, da LED, kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani kafin ya ji na ɗan'uwansa. Na uku, a karkata bayan faifan CD a gaban kowace fitila: ƙwai mai zare zai ba da bakan gizo marar yankewa, fuloresan kuma zai nuna wasu launuka sun fito dabam-dabam. Kada a yi wannan da rana, domin tana iya lahanta ido.

Kammalawa

Koren da ya bayyana a fuskar dattijon nan tun cikin dare yana kan takardar, a ɓoye cikin ɗigogin sayan da majenta da rawaya. Ƙwan lantarki ya rufa masa asiri, rana ta tona shi, kuma ƙwayoyin mazurari uku ne suka ba da damar yin duka biyun. An ce gani ya kori ji, amma shi kansa ganin yana bukatar a tambaye shi a wane haske aka yi shi, kuma da wane ido. Ga iyalin da ke son jikoki su ga fuskar kakansu yadda take, da ma'aikacin gidan adana kayan tarihi da ke sabunta tsofaffin hotuna, tambayar da ta kamata su yi wa mai bugu ita ce: da wace tawada aka haɗa tokar wannan hoto, da launuka uku ko da kabon?